Dakan Dare a Hawa na Uku

Na ji yadda kuke ba da labarin nan in kun haɗu, ku 'ya'yana da ku jikoki, kuma tun da babu wanda ya taɓa tambayar mai labarin, bari in rubuta da hannuna kafin hannun ya ƙi. Kuna cewa Baba ya je Amurka wata shida, ya kusa sa a kori Hadiza da mijinta daga gidan haya saboda ƙauyanci, wai ya tashi da dare yana dakan sakwara. Ban daka sakwara ba. Turmin nan babu komai a cikinsa. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a ransa, don aji huɗu na yi aka cire ni aka kai ni shagon ɗinki, kuma ko a aji huɗun ba ni ne na ɗaya ba.

Ga yadda aka yi. Hadiza, 'yata ta uku, tana aikin nas a can, mijinta Mustafa yana karatu da rana yana tuƙa tasi da yamma. Da suka sami 'yar fari suka sa mata sunan Innarku, shi ya sa ake ce mata Ummi, ni kuwa Amarya nake ce mata, har gobe ma in ta bugo waya tana ba ni amsa da Turanci. Lokacin yaye suka kawo mana ita Bichi, aka ce wata uku za ta yi. Wata ukun nan ya zama shekara ɗaya da rabi. A bayan Inna ta koyi magana, a tabarmata ta koyi satar goro. Da Allah ya yi wa Inna rasuwa, bayan an yi sadakar arba'in, sai suka aiko da tikiti biyu, suka ce in kawo musu 'yarsu, ni ma in huta. Kalmar hutun nan ina so ku riƙe ta, don ban taɓa gajiya a duniya kamar yadda na gaji a wannan hutun ba.

Gidan yana wani gari wai shi Germantown, hawa na uku, ba lif. Sun shirya wa yarinya ɗakinta ita kaɗai, yarinyar da ba ta taɓa kwana ba sai da ƙafar wani a jikinta. Ga ƙaramin gado, ga fitila mai siffar wata, ga wata na'ura da ke ƙarar ruwan sama, a ƙasar da ruwan ba ya ɗaukewa balle a yi kewarsa. A jikin firij kuma an manna takardar likita mai dokoki: wanka, goge haƙori, a karanta littafi, ƙarfe takwas a kashe wuta a ja ƙofa. In ta yi kuka a bar ta minti biyar kafin a leƙa, in ta sake a bar ta goma. Duk daren da ta yi barci za a manna mata tauraro a takardar. Na yi wata biyu ban ga tauraro ko ɗaya ba. Kukan nata ma ba irin na ihu ba ne. Tsayawa take a bayan ƙofa tana kiran Inna, a hankali, kamar mai sallama a gidan da ba a amsawa, har muryar ta dushe. Sai sha biyu, wani lokaci ƙarfe ɗaya, za a tarar da ita a kan kafet ta ɓingire. Da asuba kuma ita ce farkon tashi.

Gidan nan duka ya zama na masu gyangyaɗi. Hadiza takan yi awa goma sha biyu a tsaye a asibiti, ta dawo idonta kamar an zuba barkono. Mustafa ya taɓa yin barci a gaban danja da fasinja a baya, sai hon ɗin mutane ya tashe shi. Ni da aka kawo hutu na fara yin sallar walaha a zaune, in farka in rasa raka'a ta nawa nake. Kuma akwai abin da ya fi rashin barcin ciwo: yarinyar Anti take ce wa uwarta. Ita Hadiza ga kunyar 'yar fari, a gabana ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce yarinyar nan, kuma ba ta ɗaukarta in ina wurin. Sai su tsaya suna kallon juna kamar baƙi biyu a tasha.

Babu abin da ba a gwada ba. Na yi tofi har bakina ya bushe. Mustafa ya karɓo rubutu wurin wani malami Badamagare a garin Silver Spring, ta sha, ta ce a ƙara, ba ta yi barci ba. Aka koma sa ta a mota a hau babban titin nan na 270 a yi ta tafiya, takan yi barci kuwa, amma da an fara hawa bene da ita a kafaɗa, kafin hawa na biyu sai ka ga ido tar. Wata 'yar Jos da suke aiki tare da Hadiza ta ce a daina ba ta shayi da yamma. Aka hana ta, aka hana ni, don kada ta gani.

Wata Lahadi bayan azahar Mustafa ya zo ya durƙusa a gefen kujerata, ya daɗe yana gaisuwa kamar ba tare muka kwana a gida ɗaya ba. Ya ce sun yi shawara. Yarinya ba ta saba ba, su kuma aikin ba ya barinsu, kuma yana tsoron ranar da gyangyaɗin zai zo masa a kan babban titi. Idan wa'adin bizata ya cika a watan Maris, in koma da ita Bichi wurin ɗana Sabi'u da matarsa, sai ta isa shiga makaranta a sake gwadawa. Hadiza tana tsaye a ƙofar kicin da cokali a hannu. Na ɗaure fuska irin ta dattawa, na yi gyaran murya, na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. To ku ji gaskiyar da ban taɓa faɗa ba: a cikina murna nake. Ɗakin da na baro a Bichi, ɗaki ne da na shekara arba'in da ɗaya ina jin tarin mutum a cikinsa, kuma ina tsoron komawa in ji ba kowa. Da Amarya a gefe, na san za a sami mai zubar mini da ruwan alwala in yi faɗa.

Bayan mako biyu da wannan maganar na gano maganin, kuma ba da wayona ba. Daren Litinin ne, Hadiza tana aikin kwana, Mustafa yana kan titi, daga ni sai Amarya. Na bi takardar firij tiryan-tiryan, har littafin na buɗe, na ƙirƙiro labarin daga hotuna tun da Turancin ya fi ƙarfina. Ta ƙi. Na buɗe mata ƙofa, na yi isha'i, na zauna a kan dadduma ina lazimi. Sai ta zo ta haye bayana, ta kwantar da kai a tsakanin kafaɗuna, ta fara jijjiga jikinta sama da ƙasa tana cewa dum, dum, dum. Na ce ke Amarya, karya ni za ki yi ki ci gado? Ba ta kula ni ba, dum, dum. Can sai na ga tsakar gidanmu a idona. Kun san Innarku da sana'ar dakakken yaji, kuma kun san duk yadda aka ce mata ba a daka da dare ba ta ji, bayan magariba take ƙarasa nata. A bayanta yarinyar nan take a lokacin, kullum, shekara ɗaya da rabi. Ba ta san wata hanyar shiga barci ba sai wannan. Ina zaune a wurin duk tsawon lokacin nan ina jin rediyo, ban taɓa lura ba.

Akwai turmin sakwara a lungun kicin, babba, da doguwar taɓarya, wata 'yar Gana ce ta sayar musu da za ta bar gari. Na fara sauke labulen tagogi duka, don ko a Amurka ne ba na so a ce an ga Malam Idi tela da goyo. Na ɗauko zanin Hadiza. A nan na gane mata suna da ilimin da ba a koyarwa a aji huɗu. Sau uku zanin yana zamewa, tun da ƙirjina kamar allo yake, babu inda zai tsaya. Sai na ƙulla shi ta kafaɗa na tamke da rawanina. Ita kuwa ta yi lamo tana jira, kamar mai gida da sabon ɗan aiki. Na jawo turmi tsakiyar falo na fara. Taɓarya ta sauka, bayana ya sunkuya, ya miƙe, ina hailala da kowace sauka. Ban cika ɗari biyu ba na ji kanta ya yi nauyi, hannun da ya riƙe wuyan rigata ya saki. Ƙarfe tara saura. Na kwantar da ita a gadon, ban ko kunna na'urar ruwan sama ba, ba ta motsa ba sai asuba.

A nan ne ya kamata in ce da gari ya waye na tara mutanen gida na ba su labari. Ban yi ba. Na mai da turmi lungunsa, na ninke zani yadda na same shi. Hadiza tana aikin kwana Litinin da Talata da Juma'a, a waɗannan darare uku nake dakana, sauran huɗun in shige ɗaki in bar su da takardar likita. Ba a daɗe ba suka lura yarinya tana barci a kwanakina. Da suka tambaya na ce addu'a ce, har na rubuta wa Hadiza addu'o'in da ajami. Addu'o'in gaskiya ne, ina yin su, sai dai ban haɗa mata da taɓaryar ba. Ta yi ta karantawa a kan yarinya, yarinya tana kiran Inna. Ni kuma ina ce wa kaina ai kunyar goyon ce ta hana ni faɗa. Akwai kunyar, amma ba ita ce babba ba. Lissafina shi ne, muddin ba ta barci sai a hannuna, da ni za ta tafi.

Mako bakwai na yi a haka. Nakan fito shan ruwa in tarar da Hadiza zaune a ƙasa ta jingina da ƙofar ɗakin, agogo a hannu tana jiran minti goma su cika, yarinya a ɗaya gefen ƙofar tana kira. Wani dare ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, ita dai ta haƙura, jininsu ne bai haɗu ba, yarinyar ba ta sonta. Na ce a'a, yarinta ce. Na sha ruwana na koma ɗaki. Bayana kuma a lokacin ya fara wannan ciwon da kuke ganin ina tafiya kamar mai neman allura a ƙasa, kuma ban ce ban cancanta ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ƙasan falonmu rufin ɗakin wani ne. Mutumin da ya tashi a gidan ƙasa bai san wannan ba. Wata tsohuwar Baturiya ce a hawa na biyu. Nakan ji ana buga wani abu daga ƙasa in na fara daka, ni kuwa na ɗauka amshi take yi mini, har nakan gyara sauka ta dace da nata. Ashe sandar mofa ce ta goge ƙasa take dukan silin da ita. Ran nan Mustafa ya dawo ya tarar da takarda a manne a ƙofa daga ofishin masu gidan. Ya karanta, ya kalle ni, kunyar suruki ta hana shi magana, ya miƙa wa matarsa ya ce zai je ya duba mota.

Hadiza ta zauna a hannun kujera da takardar.

"Baba, me kake dakawa?"

"Ba komai."

"Sun ce Litinin da Talata da Juma'a, wajen takwas da rabi. Ranakun aikina ke nan."

"To ai na ce miki ba komai. Turmin wayam yake."

Sai na faɗa mata duka, da goyon da rawanin da dakan Inna. Da farko dariya ta taso mata, ta toshe baki da takardar, ina jin hoton tsohonta da zani ne ya zo mata. Sai dariyar ta tsaya a hanya.

"Tun yaushe?"

"Mako bakwai."

"Kana ganina a bakin ƙofar nan."

"Ina ganinki."

Ba ta tambaye ni dalili ba, ita ma 'yar Inna ce, ta san ɗakin da zan koma. Ta ninke takardar gida huɗu, ta ce in tashi in ci abinci kada ya huce. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Tuwon nan na ci shi ne kawai don an ce in ci.

Da yamma na ɗauko aikin da na iya. Na cusa matashi a cikin turmi, na sa wa kan taɓarya safa uku na ɗinke, na ninka bargo biyu a ƙarƙashi. Mustafa ya sauka da kwalin biskit ya ba tsohuwar haƙuri, ban san me ya ce mata ba, na dai roƙe shi kada ya ambaci zani. Ƙarfe takwas na miƙa wa Hadiza zanin. Ta tsaya tana murza gefensa, wai ita a gabana za ta goya 'yar fari. Na ce ni da furfurata na yi goyo mako bakwai, ke kunyar wa ta rage miki? Ta sunkuya, na ɗora mata yarinya. Zanin ya zauna a ɗauri ɗaya, abin har ya ba ni haushi.

Kada ku zaci a daren aka gama. Amarya ta ga an sauya mata jaki, ta ce ba ta yarda ba. Ta yi ta banƙarewa tana miƙo mini hannu tana kiran Kaka. Na gane muddin ina falon ba za ta kwanta a bayan kowa ba. Sai na sa rigar sanyin Mustafa da hula biyu, na fita na zauna a kan matakalar bene. Matakalar a waje take, iska tana shigowa ta kowane gefe, ga ƙanƙara a ƙasa. Daga nan ina jin taɓarya tana sauka a kan matashi, tif, tif, ina jin sunana. A da Inna take kira a bayan ƙofa, yanzu ni ne, kuma ina da ƙafar da zan tashi in buɗe. Na zauna a kan hannuwana. Dare huɗu na yi a matakalar nan, Hadiza ta nemi a sauya mata kwanakin aiki saboda haka. A dare na biyar na ji kiran ya tsaya da wuri, amma taɓarya ba ta tsaya ba. Na jira har yatsun ƙafata suka mutu, sannan na tura ƙofa. Yarinya ta yi barci tun tuni, baki a buɗe, yawu ya jiƙa wuyan rigar uwarta. Hadiza kuwa tana ta daka a hankali, ta ƙi sauke ta. Na wuce ɗakina a kan yatsu.

Daga ranar babu wanda ya sake tayar da maganar komawa da ita, ni ma ban tayar ba. Kafin Maris an mai da turmi lungu, goyo da zagaya falo ya isa. Har ta fara cewa Mama, ko da yake in ta yi fushi takan koma Anti.

Jirgina na dare ne daga filin jirgin Dulles. Suka raka ni su uku, kafin mu isa Amarya ta yi barci a kujerarta ta mota. Mustafa ya sauke akwati. Hadiza ta leƙa baya, ta yi ƙasa da murya ta ce in lallaɓa in tafi, in ta farka za a ce mata na je unguwa. Haka muka yi wa yarinyar ranar da Inna ta cika. Tana barci aka ɗauke ta aka kai maƙwabta, ta farka aka ce Inna ta je unguwa, kuma har ranar nan babu wanda ya gaya mata wani abu daban. Na buɗe ƙofar baya, ni da na ƙare bayana wajen neman barcinta, na girgiza ta har ta buɗe ido.

"Amarya, tashi ki ga tafiyata. Gida zan koma, Bichi, kuma zan daɗe. Ke a nan za ki zauna da Mama."

Ta kalle ni, ta kalli akwatin, ta gane. Ta kama gemuna da hannu biyu tana kuka, sai da Hadiza ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. A nan gefen titi, 'yan sanda suna cewa a matsar da mota, 'yata ta kwance mayafinta ta goya 'yarta a gabana ba ta ko kalle ni ba. Na ja akwatina. Har ƙofar gilashi ta rufe ina jin muryar.

Na isa Bichi bayan kwana biyu, da la'asar. Sabi'u ya share ɗakin ya yi masa farar ƙasa, ya ɗaura gidan sauro biyu, babba da ƙarami, don tun cikin makonnin shiruna na yi masa waya na ce ya shirya mana, kuma ban sake kiransa na warware ba. Ya leƙa bayana yana neman yarinya. Na ce masa tana gidan ubanta tana barci, ya kawo mini ruwa, na gaji.